Ledar Rogo da Gyaran da Na Roƙa

Tun da na dawo daga Ankara ta ƙasar Gana ban sha fura cikin natsuwa ba. Wadda ta zo aron turmi sai ta nemi wuri ta zauna, wadda ta zo gaisuwa sai ta ce, Rabi, wai da gaske ne an kunna wa beruwarki radiyo? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowacce in ta fita sai ta ƙara nata gishiri. Ran kasuwa na ji wata tana rantsuwa wai a jirgin sama na tafi. To ku gyara zama ku ji shi daga bakin mai shi, bayan wannan kada wadda ta sake tare ni a hanyar rijiya.

Mafarin tafiyar saniya ce. Kun san sana'ata, beruwa: a niƙa wake, a mulmula shi ƙanana kamar dambu, a turara, a shanya ya bushe ƙarau, a ƙulla a leda. Waken kuwa duk daga gonar mahaifina yake fitowa, Baba Arzika, can ƙauyenmu arewa da Filinge. Bara jar saniyarsa, wadda yake kira da suna ta taho, ta daina cin abinci, ta rame har ta kwanta. Da mahauci ya buɗe cikinta sai ya zaro dunƙulen leda ya kai girman tulu. Mafi yawa shuɗiya ce, irin wadda nake ƙulla beruwa. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutum ne mai riƙe da al'adar kakanni, ba ya shuka sai ya gaida ƙasa a gindin tsamiyar gona. Ya dubi dunƙulen nan ya daɗe, sannan ya ce:

"Ƙasa tana cin itace, tana cin ƙarhe, mu ma ita za ta cinye mu. Wanga abu ta ƙi shi. Ɗiyata, waken gonata ba shi ƙara shiga abin da ƙasa ta ƙi ci."

Ya rufe rumbu. Ni da matan gurupumarmu, wato ƙungiyarmu ta masu beruwa, munka zama kamar maƙera babu gawayi, don waken kasuwa in ka saya ka yi beruwa, wahala kawai ka ci. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye muku ba, amma na san bai yi ƙarya ba.

Madam Zalika, jami'ar noma da ke zagaya gurupumomin mata, ita ta zo da maganar ledar rogo, wadda ake yi da sitacin rogo, in an yar da ita ta ruɓe. Munka gwada ƴan kaɗan da ta samo. Leda ta yi kyau, amma ƙwaro ya ƙyanƙyashe a ciki ya huda ta, don ba ta da taurin ta roba. Sai ta ce a Ankara akwai wurin da ake haska abinci da wani haske, dangin radiyon asibiti da ake duba karaya, yana kashe ƙwaro da ƙwansa cikin ledar a rufe. Abin da ba a sani ba shi ne ko ledar za ta jure hasken. Wani proje na masu tallafa wa mata ya yarda ya kai mace ɗaya da kayanta a gwada, in abin ya yi, akwai ƴan kasuwa can masu son beruwa saboda mutanenmu da ke zaune bakin teku. Mata sunka yi ta kallon juna. Na ce ni za ni, tunda rumbun ubana ne anka rufe.

Munka tashi ni da Madam Zalika da buhunan beruwa, na ƙarshen waken da ya rage mana. Kafin Baleyara taya ta fashe. Direba Bazabarme ya fito ya zagaya motar, ya ce da mu kala suru, wato sai haƙuri, ya tafi neman faci ya bar mu da wani rago da ya ƙwallafa rai a kan buhuna. Rabin yini na yi ina kore shi da takalmi. A Yamai anka yi mana allurar da ake nema a iyaka, hannuna ya kumbura, Madam tana ta dariya wai ni da nake ɗaga tukunyar turare ni kaɗai ina tsoron allura.

Tun da soja sunka karɓi mulki gadar Gaya a rufe take, mutane da kwalekwale suke ƙetarawa zuwa Benin. Ni ɗiyar Kurfai ce, ƙasar Filinge, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na tafki. Da na ga faɗin kogin sai na shiga salati. Amma abin da ya fi damuna beruwa, don in ta jiƙe ta tashi aiki. Na sa anka ɗora buhunan bisa katako, na cire mayafina na lulluɓe su, na kwanta a kai rub da ciki. Wani dattijo mai kai albasa ya tambayi Madam ko gawa muke rakiya. Na ɗago kai na ce masa gawar tana jin sa.

Daga can sai kar, babbar motar fasinja, doguwar tafiya kudu, ƙasa tana ƙara yin kore, mutane suna ƙara rage tufafi. Munka ratsa Togo. A iyakar Gana wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya soka hannu a buhu, ya ɗebo beruwa, ya juya ta a tafinsa, ya shinshina. Ya ce iri ne? Madam ta ce abinci ne. Bai yarda ba, ya kira abokin aikinsa, shi kuma ya ce ta yi kama da kashin awaki. Raina ya ɓaci. Na karɓi ruwan zafi wurin wata mai shayi, na jiƙa ƴar kaɗan a kwanona, na zuba mai da yaji da albasa, na miƙa musu. Sunka cinye tas, na farkon har da lashe cokali, sannan ya ce mu wuce. Na ce Madam ta gaya masa awakin Filinge suna gaishe shi, ta ƙi fassarawa.

A Ankara munka sauka zango, gidan Hajiya Memuna, wadda kakanta ya zo daga Bonkuku ta ƙasarmu Kurfai da shanu bai koma ba. Hausarta ta sha ruwan teku, amma da ta ji na ce Kurfai sai ta rungume ni ta yi ta hawaye, tana tambayata dangin da ita ma ba ta san sunansu ba. Ɗakin da ta ba mu mai kyau ne, sai dai garin nasu komai a jiƙe yake. Ka wanke zane da safe, la'asar yana nan yadda ka bar shi. A gida kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe.

Abinci kuwa, sakwararsu ba a taunawa, haɗiya ake. Na tauna, yaran gida da manyansu sunka bar cin nasu suna kallona. Akwai wani baƙin yaji da suke sa wa komai, na ɗauka daddawa ce na ɗebo da yawa, ranar na san Allah ɗaya ne. Amma abu biyu sun faranta mini. Na farko, shinkafa da wake da duk garin ke layi a kanta da safe, sunanta wake, da bakinmu, sun ɗan karkata shi kawai. Na biyu, a ganye suke zuba ta, tuwon masararsu mai tsami kuma a ɓawon masara suke naɗe shi. In ka ci ka yar, akuya ta cinye. Na tsaya ina kallon wata akuya tana taunar ganyen, na tuna jar saniya, na ce a raina ashe ba Baba kaɗai ne mai wannan tunani ba. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne jana'izarsu. Na ji kiɗa da rawa, mata sun sha ja da baƙi, na ce da Hajiya amaryar wane gida ce. Ta ce mutuwa anka yi. Mu da ake zaman makoki kai a sunkuye, na rasa ko barka zan yi ko ta'aziyya.

Anka kawo mana ledar rogo daga inda ake yin ta. Fara ce, sumul, in ka shinshina kamar koko. Munka zauna tsakar gidan Hajiya munka cika su da beruwa, anka liƙe bakinsu da wani ƙarfe mai zafi, munka jera a kwalaye. Ana gobe za mu wurin haske, baƙin yajin nan ya kwantar da Madam Zalika. Ta ce in tafi ni kaɗai, akwai mai jin Hausa a can, kuma ta ja mini kunne: kashi uku za a yi wa kwalayen daidai wa daida, kowane kashi da launin alamarsa, kore na haske kaɗan, rawaya na tsakiya, ja na mai yawa, don a ga wanda ledar za ta ɗauka.

Wurin yana bayan gari. Wanda ya tarbe ni Malam Isifu ne, ɗan zango, ma'aikacin wurin, mai sanyin magana. Ya nuna mini ɗakin daga waje, kaurin bangonsa ya fi tsawon mutum a kwance. Ya ce abin da ke ba da hasken yana nutse cikin wata rijiya a tsakiyar ɗakin, sai an shigar da kaya, kowa ya fita, an rufe, sannan a ɗago shi. Na ce to in leƙa in ga hasken. Ya ce ba a ganinsa, ba shi da zafi, ba shi da ƙara, kuma wanda ya tsaya a ciki ba zai ba da labari ba. Na ja baya. Na tambaye shi abin da na san mata za su tambaye ni, ko hasken yana maƙalewa a abinci. Ya ce in kin shanya beruwa a rana, kina kwasowa da rana a ciki? Na ce a'a. Ya ce to haka ne, wucewa yake.

Sannan ya ɗauki leda ɗaya ya ja ta a hannunsa. Ya ce wannan da nake gani sumul, saƙa ce ta zaruruwa dogaye waɗanda ido ba ya gani, tsawonsu ne ƙarfinta. Hasken da ke kashe ƙwan ƙwaro ba ya tambayar wane ne ƙwaro wane ne zare, duk abin da ya samu yankawa yake. In kaɗan ne, ƙwaro ya mutu, zare kaɗan ya tsinke, leda ta riƙe. In ya yi yawa sai ta yi rawaya ta bushe, ta daina miƙewa, sai karyewa. Ya ce ƙwaro ba ya buƙatar mai yawa, kuma ledar rogo ta fi ta roba saurin jin jiki.

Na ji shi sarai, kada ku ce bai faɗa ba. Amma da ya ba ni tef kala uku ya ce in liƙa wa kwalaye, sai na tsaya ina tunani. Na tuna kogin Gaya. Na tuna ƙwaron Kurfai, wanda ake zuba wa toka da barkono ya fito yana atishawa ya ci gaba da aikinsa. Na ce in yi wannan tafiya duka, a ba ni ɗan mitsitsin haske in koma? Mu da ko gishiri ka saya sai an ƙara maka kaɗan a kai? Na liƙa kore a kwali biyu, rawaya a ƴan kaɗan, sauran duka na manna musu ja.

Malam Isifu ya dubi kwalayen ya dube ni.

"Mma, ba haka anka tsara ba."

"Malam, a garinmu ba a awo babu gyara. Daga nesa na zo, ka yi mini gyara."

"Wannan ba gero ba ne, Mma. Gyaransa ragi ne."

Na ce kayana ne, ni na turara su, ni na san ƙwaron da nake faɗa da shi. Ya yi ta lallashi, na kafe. Kun san ni in na kafe. Daga ƙarshe ya ce tunda kowane launi yana da wakili gwaji bai ɓaci ba, sauran kuma kayana ne, amma shi ya faɗi gaskiyarsa. Anka tura kwalaye ciki. Na zauna a benci ina jiran in ji wani abu, ko rugugi ko wari. Ba abin da na ji sai fanka.

Da anka fito da su na buɗe ja ɗaya. Ledar ta ɗan yi ruwan ƙwai, ta yi ƙyalli, har ta fi kyau a idona. Na koma gida ina taƙama. Madam Zalika da ta ga jan tef ya cika ɗaki sai ta dafe kai, ta ce Yaya Rabi, me kika yi? Na ce gyara na karɓo mana. Ta juya ta fuskanci bango. Da ma an bar wa su Malam Isifu ƴan ledoji daga kowane launi don su ci gaba da dubawa, munka ɗauko sauran.

Hanya ce ta ba ni amsa. Kwalaye suna saman kar, rana tana dukansu, ramuka suna jijjiga su. Da munka sauka bakin kogi za mu shiga kwalekwale, mai dako ya ɗaga kwali ɗaya sai na ji shaaa, beruwa tana zuba ta gindi. Na buɗe. Ledojin sun tsage ta wurin liƙi, wasu sun farfashe kamar busasshen ganyen kuka, ka taɓa su ruguje. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Duk mai jan tef ya tashi aiki. Rawaya rabi da rabi. Na durƙusa cikin yashi ina tattara beruwa da hannu ina zubawa a zanena, kaji sun taru, mutane suna tsallake ni. Kunya ta kama ni, na yi kuka, kukan haushin kaina. Madam ta durƙusa ta taya ni, ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma wannan na riƙe mata shi har abada.

Sai ta jawo kwalin kore ta yanke tef. Ledoji suna nan lafiya lau, farare, ka matsa su lotsa su dawo. Na ɗauki kwalayen nan biyu na ɗora a cinyata, daga Gaya har Filinge ban bari sun hau saman mota ba. Wani ya ce in biya musu kujera mana. Na ce in ta kama zan tsaya su zauna.

Ban tsaya gida ba, na wuce ƙauye. Na samu Baba a gindin tsamiya yana gyaran ƙotar hauya. Na gaishe shi, na ajiye ledoji biyu masu lafiya a gabansa, na kuma kwance bakin zanena na zube masa ɓaraguzan ja, don ban iya yi masa ƙarya ba. Na ba shi labari tun daga kogi har zuwa gyara. Da na zo wurin gyaran sai na ga kafaɗarsa tana rawa, ashe dariya yake. Ya ce halin uwata ne, ita ma ko maganin ciwon kai anka ba ta sai ta nemi ƙari.

Bai ce ya yarda ba. Ya zazzage beruwar leda ɗaya mai lafiya a ƙwarya, ya haƙa rami uku a gindin tsamiya. Ɗaya ya sa ledar kore, ɗaya ɓaraguzan ja, na ukun ya aika anka tsinto shuɗiyar leda irin tawa ta da. Ya rufe, ya kafa tsinke a kan kowanne. Wata ledar kuma, da beruwarta a ciki, ya rataye ta a cikin rumbu, inda ƙwaro ya fi yawa. Ya ce mi ne na gaggawa, ƙasa ba ta magana sai ta sha ruwa.

Damina ta sauka, ta yi abin da za ta yi. Ni kuwa ina Filinge babu wake, mata suna ta yi mini kallon wadda ta je yawon buɗe ido da abincinsu. Duk wadda ta yi mini habaici na ce ta jira. Na aika wa Malam Isifu saƙon murya ta wayar Madam, na ce ya yi gaskiya. Ya amsa da cewa nasu na can ma haka sunka yi, kore ne ma'aunin, kuma in na sake zuwa zai ɓoye jan tef.

Da anka yanke gero Baba ya aiko a kira ni. Ya ba ni hauya ya ce in tona da kaina. Ramin shuɗiya, tana nan yadda anka sa ta, ko launinta bai canza ba. Ramin kore, sai ƴan guntaye masu laushi da gara ta yi wa ƙofofi, ka murza su bi yatsa. Ramin ja kuwa na tona, na ƙara tonawa, na faɗaɗa, babu komai sai ƙasa. Wadda hasken ya fi yanka ita ƙasa ta fara cinyewa. Baba ya ɗebi ƙasar ramin ya shinshina, ya mayar a hankali. Sannan ya shiga rumbu ya sauko da wadda ya rataye. Ya yage ta da haƙori, ya zuba a tafinsa, ya baza da yatsa yana nema. Ko ƙwaro ɗaya babu.

Ya ajiye beruwar gefe. Ya ɗauko tiya, ya ce in buɗe buhu. Ya yi ta auna wake yana zubawa, ni ina riƙe da bakin buhu, har ya cika. Na sunkuya zan ɗaure sai ya ce in dakata. Ya koma rumbu ya ciko hannuwansa biyu, ya zuba a kai har yana gangarowa ƙasa.

"Baba, ya isa haka."

"Riƙe da kyau," in ji shi. "Wanga gyara ba shi fasa komi."